Shalwar Kamiz: Tarihi da Matsayin Tufafin Gargajiya a Ƙasar Pakistan

Shalwar kamiz ita ce suturar ƙasa a Pakistan, ƙasar da ƙidayar 2023 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 240. Shalwar wando ne mai yalwa daga sama, mai tsukewa a idon sawu, wanda ake ɗaurewa da mazagi. Kamiz kuwa doguwar riga ce da ke sauka zuwa gwiwa, da tsaga a gefe biyu. Maza da mata duka suna sa ta, sai dai mata kan ƙara da mayafin da ake kira dupatta.

Kalmar shalwar daga Farisanci ta fito, kamiz kuma daga Larabci, wato ƙamis, kalmar da aka ambaci rigar Annabi Yusuf (AS) da ita a cikin Alƙur'ani. Ba baƙuwar sutura ba ce a ƙasar Hausa, domin ita ce ake kira riga da wando 'yan Pakistan.

Ba tun ranar samun 'yanci, 14 ga Agustan 1947, wannan sutura ta kai matsayin da take da shi yanzu ba. Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci kafa ƙasar, lauya ne da ya yi karatu a Landan, kuma ya yi suna wajen sa kwat irin ta Turawa. A taron jam'iyyarsa ta Musulmin Indiya da aka yi a birnin Lucknow a 1937 ne ya bayyana sanye da sherwani, doguwar riga mai maɓallai har wuya, da hular fatar ɗan rago da ake kira karakul. Jama'a suka fahimci saƙon: jagoran Musulmi ya yi shigar Musulmi. Har yau ana kiran hular da sunansa, kuma sherwani ta zama rigar manyan bukukuwan gwamnati da ta angwaye.

Duk da haka, shekaru da dama bayan 'yanci, kwat ce suturar manyan ma'aikata, ana yi wa shalwar kamiz kallon kayan talaka da mutanen karkara. Zulfikar Ali Bhutto ne ya sauya wannan kallo a shekarun 1970, lokacin da ya riƙa hawa dandalin siyasa sanye da ita don nuna cewa shi na talakawa ne. Janar Zia-ul-Haq, wanda ya kifar da shi a 1977, ya ɗora daga nan amma ta hanyar umarni. A farkon shekarun 1980 aka wajabta wa ma'aikatan gwamnati sa suturar ƙasa, aka kuma umarci matan da ke fitowa a talabijin ɗin gwamnati su rufe kai da dupatta. Sari, zanen da matan birane da dama ke ɗaurawa a da, ya koma abin ƙyama a idon hukuma, ana danganta shi da Indiya. Shi ya sa har yanzu ake tuna ranar da mawaƙiya Iqbal Bano ta hau dandali a Lahore a tsakiyar shekarun 1980 ɗaure da baƙin sari, ta rera waƙar Faiz Ahmed Faiz, abin da aka ɗauka a matsayin bijirewa mulkin soja. Benazir Bhutto kuma, wadda ta zama Firayim Minista a 1988, farin mayafinta ya zama alamar da duniya ta san ta da ita.

Suturar ƙasa ɗaya ce, amma kowane lardi da nasa tambarin. Wanda ya fi zurfin tarihi shi ne ajrak na lardin Sindh, mayafin auduga da ake buga wa zane da hatimin katako, a rina shi da baba da jan rini na saiwar tsiro. Aikin yana bi ta matakai masu yawa na wanki, bugu, rini da shanya, yakan ɗauki makonni, kuma garuruwa irin su Hala da Bhit Shah sun shahara da shi. Shuɗin baba ɗin nan shi ne wanda marina Ƙofar Mata a Kano suka sani. Masana kan danganta ajrak da wani ƙaramin mutum-mutumi da aka tono a kufan Mohenjo-daro, mai shekara kusan 4,000, wanda ke yafe da mayafi mai zanen ganye uku, ko da yake kamannin zane ba hujja ba ce ta cewa sana'ar ba ta taɓa yankewa ba.

Mutumin Sindh yana yafa wa baƙo ajrak don girmamawa, yana naɗa shi a ka, yana shimfiɗa shi, yana kuma lulluɓa shi a kan makara. A 2009 wani mai gabatar da shiri a talabijin ya soki Shugaba Asif Ali Zardari kan sa hular Sindh a tafiye-tafiyensa na waje. Martanin mutanen lardin shi ne fitowa tituna sanye da hular da ajrak. Daga nan aka samo Ranar Al'adun Sindh, wadda ake yi ranar Lahadin farko ta watan Disamba kowace shekara.

A Balocistan wandon maza yakan ci yadi mai yawa, rigar mata kuma tana da surfani na hannu a ƙirji da hannuwa da wani babban aljihu a gaba, aikin da kan ɗauki mace watanni. A Punjab da sauran yankunan karkara rawani mutunci ne: faɗuwarsa ƙasa abin kunya ne, kuma idan babba ya rasu akan naɗa wa magajinsa rawani a gaban jama'a. Arewa maso yamma ta ba da pakol, hular ulu ta yankin Chitral, da takalmin fata na Peshawar. A 2014 kamfanin Paul Smith na Birtaniya ya fitar da takalmi mai kama da wannan a kan fam 300 ba tare da ambaton asalinsa ba. Sai da 'yan Pakistan suka yi ca a kansa sannan ya ƙara bayanin cewa daga takalmin Peshawar aka ɗauko samfurin.

Sha'anin tufafi a Pakistan har ila yau sha'anin abinci ne ga miliyoyin mutane. Masaƙa da ɗinki ne ke samar da fiye da rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa, kuma Faisalabad da Karachi ne manyan cibiyoyin masana'antar. Kowace shekara, da zarar zafi ya gabato, kamfanoni irin su Gul Ahmed da Khaadi kan fitar da sabbin zane na wani yadin auduga marar nauyi da ake kira lawn, a sayar da shi a ƙunshi uku: na riga, na wando da na mayafi. Teloli kan cika da aiki gabanin ƙaramar Sallah, har wasu su daina karɓar ɗinki tun tsakiyar azumi. Kayan inji masu araha, ciki har da ajrak na bugun masana'anta da rinin sinadari, suna ƙwace kasuwa daga hannun masu aikin hannu, waɗanda ba za su iya sayar da aikin makonni a farashin aikin yini ɗaya ba.