Sunan Cuta da Kuɗin Magani a Ƙasar Anka

Tun zamanin kakanni, a Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, da Gummi da Bukkuyum, idan aka ga kan jariri yana ta girma har ya rinjayi wuyansa, maɗiga ta kumbura ta ƙi rufewa, idanu kuma suna ta kallon ƙasa, ba a rasa masu faɗin abin da ya same shi: wata ta ce iska ce, wata ta ce sammu, dattijo kuwa ya ce ƙaddara ce daga Ubangiji. Kowane suna da ƙofar da yake aika mutum, kowace ƙofa kuma da abin da ake ajiyewa a bakinta. Wanda ya nufi zauren malami ya ba da kafin alƙalami a yi masa rubutun sha, wanda ya nufi boka ya riƙa kaza ko ɗan akuya, babban lada kuwa akan jinkirta shi sai an ga sauƙi, wanda hakan adalci ne da ba kasafai ake samunsa a asibitocin yau ba.

Ba wai hukama'un Musulmi sun jahilci wannan larura ba ne. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa Attasrif game da ruwan da ke taruwa a kawunan yara da yadda ake tsagawa a fitar da shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi wallafe-wallafe a fannin ɗibbu. Sai dai ilmin da ke cikin littafi daban, hannun da zai iya taɓa kan jariri daban. Haƙiƙanin al'amarin shi ne ƙwaƙwalwa kullum tana samar da wani ruwa garai-garai, kimanin rabin lita a yini ga baligi, wanda yake zagayawa jiki ya shanye shi, to idan hanyarsa ta toshe, ko tun daga halitta ko a bayan sanƙarau da makamantansa, sai ya taru ya buɗa ƙasusuwan kan da ba su riga sun haɗe ba.

Da Turawa suka zo, En'e ta buɗe ɗakunan shan magani, sai sunan cuta ya bar baki ya koma rajista. A can Turai kuwa tun 1893 wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara jerin sababan mutuwa domin ƙasashe su riƙa ƙidaya da harshe guda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin a 1948, kuma a bita ta goma, wadda aka amince da ita a 1990, ruwan kai ya sami lambarsa G91, wanda aka haifi yaro da shi kuma Q03. A Amurka wannan lamba ce mabuɗin baitulmali, domin kamfanin inshora ba ya sakin ko sisi sai ya gan ta a takarda.

Mutanen ƙasar Anka sun ga ƙarfin suna da idonsu a 2010, ko da yake a kan wata cuta ce dabam. A farkon shekarar yara suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa a Dareta da Abare da Yargalma da Tungar Guru, aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu ba su yi tasiri ba, har sai da likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda suka sami labarin a watan Maris, suka aika da jini Turai aka auna, sa'an nan ta bayyana cewa gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka riga mu gidan gaskiya. Amma daga ranar da cutar ta sami sunanta na gaskiya, da lambarta T56.0, da ma'auninta, wato mikirogiram 45 a desilita na jini wanda daga nan ake fara magani, sai ga ɗakunan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, ga magani kyauta, ga masu kwashe ƙasar gidaje. Bagega, wani ƙauyen da gubar ta shafa, ita ce aka bari tana jira har 2013, kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikinta.

Yaron da ruwa ya taru a kansa bai sami irin wannan gata ba, alhali maganinsa sananne ne tun 1956, lokacin da wani makanike a Amurka, John Holter, ya ƙera bawul saboda ɗansa, wanda ake haɗawa da siririn bututu a binne ƙarƙashin fata ya riƙa tsiyayar da ruwan zuwa ciki. Ana wannan aiki a cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 1999 ta fara aiki a 2005, galibi ma'aikatan gwamnati ta rufa wa asiri, dokar 2022 da ta wajabta ta a kan kowa kuwa har yanzu ba ta gama isa karkara ba. Saboda haka manomin da aka rubuta wa ɗansa G91 yakan koma ga tsohuwar sunna ta zumunci: a sayar da sa ko buhunan gero, a yi shela a masallaci bayan sallar Juma'a, kawu da baffa su kawo gudummawa, sa'an nan a hau motar Sakkwato, a yanki kati, a biya kuɗin hoton kai, a biya na bututu, a adana rasit ɗin a aljihun gaba.