Makaho, Kuturu, Nakasasshe: Tarihin Wasu Sunaye a Jahar Maraɗi

Tun kafin zuwan Nasara, sarautun Katsina da Gobir ba su ɗauki kalmar makaho ko gurgu abin ɓoyewa ba. Kowane rukuni yana da shugabansa, Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, wanda ke raba gardama tsakanin mutanensa, yana kuma kasa musu sadaka. Da waɗannan sunaye ake kiran masu su a Tibiri ta gundumar Gidan Rumji, mazaunin sarkin Gobir, haka ma a kasuwannin Agye da Gazawa. Sunan da ake naɗa rawani da shi ba zagi ba ne, shi ya sa makafi suka riƙe nasu har a sunan ƙungiyoyinsu. Abin da ke ƙona musu rai shi ne jin an ce wa marar hankali makaho, ko a ɗauka makanta da bara abu guda ne.

Kalmar kuturu ita ce ta fi ciwo. Karin magana ma ta shaida ƙyamar: kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wato sai da kuɗi hannunsa ke samun izini. Asibitin mishan na Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe yana karɓar masu cutar, kuma tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita sarai. Amma mutum ya warke, ya koma ƙauye, sunan na nan, har ya shafi auren ƴaƴansa. Sai a 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a bar kiran mutane da irin wannan laƙabi.

Sabbin sunaye kuwa daga ofis suka fito. Shekarar nakasassu ta duniya a 1981, dokar Nijar ta 1993, da yarjejeniyar da ƙasar ta amince da ita a 2008, duk sun zo da Faransanci, rediyo ya fassara da "nakasassu". An yi nufin ladabi, sai dai a kunnen Bahaushe abin da ya nakasa ya lalace ke nan, kuma gurgun da ke ɗinki yana ciyar da iyalinsa bai ga inda ya lalace ba. Daga baya aka koma "masu buƙata ta musamman", sunan da ya fi zama a takarda, domin a kasuwar Gazawa tsayinsa ya yi wa baki yawa.