Inda Bango Ya Haɗu da Bango: Tarihin Tankin Kifi na Akirilik

Da asubahin ranar 16 ga Disamba, 2022, katafaren tankin kifin nan mai suna AquaDom ya fashe a harabar wani otal a birnin Berlin. Ruwa kimanin lita miliyan ɗaya ya malale har kan titi, kusan dukkan kifaye 1,500 da ke ciki suka mutu. Cikin abubuwan da masu bincike suka yi zargi har da gazawar mahaɗa, wato layin da aka haɗe wani falle na akirilik da ɗan'uwansa. Wannan zargi bai zo wa masu sana'ar da mamaki ba, domin tun farkon ƙera tankin kifi, mahaɗa ce ke ba su wahala fiye da bangon kansa.

Sha'awar ajiye kifi a falo ta bunƙasa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. An soke harajin gilashi a 1845, farashinsa ya sauka. A 1850 masanin sinadarai Robert Warington ya nuna cewa tsirrai na iya samar wa kifi iskar shaƙa a cikin tanki, sannan a 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe zauren kifi ga jama'a. Tankunan wancan zamani gilashi ne cikin firam na ƙarfe, ana toshe gefunansu da danƙo. Danƙon yakan bushe ya tsage, ruwan gishiri kuma ya ci ƙarfen. Sai a shekarun 1960 gam ɗin silikon ya ba da damar manne gilashi da gilashi ba tare da firam ba.

Shi kuwa akirilik ba don kifi aka ƙirƙire shi ba. Bajamushe Otto Röhm ya rubuta kundin digirinsa kan sinadarin a 1901, kamfaninsa ya yi rajistar sunan Plexiglas a 1933, kamfanin ICI na Birtaniya kuma ya fito da nasa, Perspex. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haɓaka shi, domin da shi aka riƙa rufe mazaunin matuƙa jiragen yaƙi. Bayan yaƙin ya shiga kasuwa, zuwa shekarun 1970 ya isa tankunan gida.

Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, yana jure bugu, haske kimanin kashi 92 cikin ɗari na ratsa shi, kuma idan aka gasa shi yana lanƙwasuwa. Da haka Kelly Tarlton ya ƙera hanyar da baƙi ke bi ta ƙarƙashin ruwa a Auckland a 1985. Da shi kuma aka yi tagar gidan kifi na Churaumi a Okinawa a 2002, mai faɗin mita 22.5 da kaurin santimita 60.

Babban sauyin dai a mahaɗa ya auku. Silikon ba ya kama akirilik sosai, don haka maƙeran gida ke amfani da sinadari mai narkarwa, galibi mai ɗauke da dichloromethane. Ana daidaita fallaye biyu, a ɗiga sinadarin da sirinji, ya tsotsu cikin siririn ratar, ya narkar da fuskokin biyu. Idan ya bushe sun zama jiki ɗaya, kamar walda. Sai dai wannan walda ba ta cike gibi. Gefen da zarto ya bar wa kaushi yana haifar da kumfa a mahaɗa, kowace kumfa kuwa rauni ce. Shi ya sa gyaran gefe ya fi cin lokaci a aikin.

Sauran ƙa'idojin daga halin ruwa da na akirilik suka fito. Matsin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi, saboda haka tsayin tanki ne ke fara yanke kaurin falle. Tanki mai santimita 120 da 50 da 60 yana ɗaukar lita 360, wato kilo 360. Akirilik yana yin ciki a ƙarƙashin irin wannan nauyi, dole a ɗaure bakinsa ta sama, a kuma tallafi gindinsa gaba ɗaya. Ruwan goge gilashi mai amoniya ko barasa yana sa masa ƙananan tsagu. Ƙarzuwa tana gyaruwa da sanfefa mai laushi da man gogewa, amma mahaɗar da ta yi fari ta fara rabuwa ke nan: sai a kwashe ruwan, a busar da wurin, a ƙarfafa kusurwar da sandar akirilik ta ciki.

Yanzu sana'ar ta shiga wani sabon yanayi. Tururin dichloromethane yana da illa ga lafiya, kuma a 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfani da shi, har da sayar da shi ga masu aikin gida. Bayan danƙo da silikon, maƙeran gida a can sun sake komawa neman abin da zai riƙe musu kusurwa.