Hujewar Gyambon Ciki a Kudancin Birnin Kaduna: Yawan Aukuwa, Mace-mace da Abubuwan da ke Jawo Ta

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken likitoci kan hujewar gyambon ciki, wato olsa, ta kuma auna shi da yanayin unguwannin kudancin Kogin Kaduna. Ta gano cewa jinkirin tiyata shi ne babban abin da ke hallaka majiyyata, kuma shi ya fi sauƙin magancewa.

Gabatarwa

Gyambo kan ci bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji har ya huda shi, sai ruwan tsami da abinci su kwarara cikin kogon ciki. Ciwo mai tsanani kan taso farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako. Hoton ƙirji kan nuna iska a ƙarƙashin tantanin numfashi.

Sakamako

Gyambo kan huje wa kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari na masu fama da shi. Bitar da mujallar Lancet ta buga a 2015 ta nuna mace-mace na iya kaiwa kashi 30.

Abubuwa biyu ne kan gaba wajen jawo cutar. Na farko, ƙwayar Helicobacter pylori da Marshall da Warren suka gano a Ostireliya a 1982. Binciken Holcombe a Maiduguri a 1992 ya same ta a jikin fiye da kashi 80 na waɗanda aka gwada. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da piroxicam. Shan taba da tsufa na ƙara haɗarin.

Dangane da mace-mace, Boey da abokan aikinsa a Hong Kong sun ware alamu uku a 1987: faɗuwar ƙarfin jini kafin tiyata, wata babbar cuta a jiki, da wuce awa 24 bayan hujewa. Babu wanda ya rasu cikin marasa alama ko ɗaya. Masu ɗaya, kashi 10 suka rasu. Masu biyu, kashi 45.5, masu uku kuwa duk sun rasu. Binciken Buck a Danmak a 2013 ya ƙara da cewa kowace awa ta jinkirin tiyata na rage damar rayuwa da kashi 2.4.

Tattaunawa

Bayan durƙushewar masaƙun Kakuri, da yawa a Makera, Nasarawa da Sabon Tasha sun koma dako, gini da tuƙa Keke Napep. Mai aikin ƙarfi kan sayi maganin gajiya a kemis ba da takardar likita ba, ya sha da yunwa. In ciwo ya taso, sai a fara da jiƙo ko a ɗauka taifot ce, ana kuma neman kuɗin aiki. A nan awa 24 ɗin ke ƙarewa.

Cikin alamun Boey, jinkiri ne ke hannun al'umma, shi ne kuma ke haifar da faɗuwar ƙarfin jini. Tiyatar kanta, wato toshe hujin da kitsen ciki kamar yadda Graham ya bayyana a 1937, aiki ne da babban asibiti zai iya.

Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar a horar da masu kemis su tura mai sandararren ciki asibiti nan take. Asibitocin Kakuri, na Gwamna Awan da na St. Gerard, su tsara hanyar gaggawa tare da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko; a yi aiki kafin biyan kuɗi; a kashe ƙwayar cutar bayan tiyata; a kuma buɗe rajistar da za ta riƙa nuna awannin da kowane majiyyaci ya yi kafin a shiga da shi tiyata.