Lafazin "Algemeen" Tsakanin Umumi da Hususi

Daga cikin kalmomin da suka fi yawo a harshen mutanen Holan, a dokokinsu da jaridunsu da sunayen ƙungiyoyinsu, akwai sifar nan algemeen, wadda aka harhaɗa daga al, wato duka, da gemeen, wato abin da aka yi tarayya a cikinsa, ta yadda zahirin ma'anarta shi ne abin da ya game kowa ba togaciya. Amma duk wanda ya bi diddigin yadda aka yi amfani da ita zai tarar da abin da malaman usulul fiƙihu suka daɗe suna faɗakarwa a kansa, cewa da wuya a sami lafazi na umumi wanda hususi bai shige shi ba.

A shekarar 1917, sa'ad da aka gyara tsarin mulkin ƙasar, an kafa zaɓen da suka kira algemeen kiesrecht, alhali kuwa maza kaɗai aka ba ikon jefa ƙuri'a, mata ba su samu ba sai a 1919. Haka kuma a zamanin da al'ummarsu ta kasu rukuni-rukuni, Katolika da Furotesta da 'yan ƙwadago, kowane rukuni da jaridarsa da gidan rediyonsa, sai kalmar ta koma laƙabin waɗanda ba su jingina da wata majami'a ko aƙida ba, har gidan rediyon AVRO, wanda harafin farko na sunansa daga gare ta yake, ya zama ɓangare guda a cikin ɓangarori, duk da da'awarsa ta zama na kowa.

Mai jayayya zai kawo dokar fansho ta 1957, Algemene Ouderdomswet, wadda ta haɗa mawadaci da matalauci muddin mutum ya cika shekara 65 a wancan lokaci. To, ko ita ma iyakarta mazauna ƙasar da masu aiki a cikinta. Da suka zo fassara sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 kuwa, sifar universeel, mai asali daga Latin, suka ɗauka, ba algemeen ba.

Saboda haka ya wajaba ga mai nazarin rubuce-rubucen Holan, duk inda ya ci karo da algemeen, ya binciki wace jama'a ake nufi da kuma wa aka bari a waje, kafin ya yanke hukunci da zahirin lafazi.