Takardar Aure a Fazzan da Neman Asalin Zuriyar Hausawa

A unguwar Manshiya da ke Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, aure iri biyu ake ɗaurawa, ko da yake Fatiha ɗaya ake shafawa. Ɗan ƙasa yakan kira ma'azun, malamin da hukuma ta ba izinin rubuta aure, ya cika takarda, a buga mata hatimi, daga nan ofishin rajistar jama'a ya buɗe wa ango littafin iyali. Baƙo kuwa, Bahaushen Damagaram ko na Kano da ya biyo ta Agadas da Dirku da Gatrun, sau da yawa liman da waliyyi da shaidu biyu ne kaɗai nasa. Aure ya ɗauru a shari'a, babu mai musu. Sai ran da jika ya tashi neman asalin kakansa bambancin zai fito fili.

Auren da hukuma ke ɗaurawa ba tare da malamin addini ba, wanda muke kira auren kotu ko auren rajista, a Turai ya yi ƙarfi. A watan Satumba na 1792 majalisar juyin juya halin Faransa ta karɓe littattafan haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci ta damƙa wa magadan gari. Ingila ta bi baya da dokar 1836. Turawan mulkin mallaka suka kawo shi Legas a 1884, dokar 1914 ta game Najeriya da shi. Aure ne na mace ɗaya, shi ya sa Musulmin Arewa ba su rungume shi ba, kuma wanda ya je neman sunan kakansa Bahaushe a waɗannan littattafan da wuya ya dawo da wani abu.

Libiya ba ta ɗauki wannan tsari ba. Aure ya zauna a kan fiƙihun Malikiyya, hukuma rubutawa kawai take yi. Shi kuwa rubutun ya girmi hukumar nesa ba kusa ba, kuma a ganina dalilin yana cikin sadaki. A Arewacin Afirka an saba raba sadaki biyu: wani a biya nan take, wani ya zama ajali a kan miji. Ajali bashi ne, Alƙur'ani kuma ya yi umarni a Suratul Baƙara da a rubuta bashi. Don haka aka riƙa rubuta sunan ango da na ubansa, sunan amarya da na waliyyinta, adadin kuɗi ko bishiyoyin dabino, da sunayen shaidu. A ƙasar Hausa sanƙira ne ke shelar an biya sadaki lakadan ba ajalan ba, a raba goro, taro ya watse. Ba a bar bashi ba, saboda haka ba a bar takarda ba. Al'adar tana da kyau wajen kare haƙƙin mace a ranar, amma ta bar mai binciken zuriya hannu rabbana.

Wanda zai bi sawun danginsa a Fazzan dole ya fara sanin wa ke mulki a shekarar da yake nema, domin kowane mai mulki ya kwashe takardunsa ya tafi da su. Turkawa sun kama Fazzan kai tsaye a 1842, cibiyarsu Murzuk, ba Sabha ba. Abin da ya rage na kundin alƙalai da wasiƙun zamaninsu ana neman sa ne a taskar tarihi ta Tarabulus da ta Istanbul. Italiyawa sun shigo a 1914 aka kore su, suka dawo a 1930. A 1943 dakarun Janar Leclerc suka taso daga Chadi suka karɓe yankin, Faransa ta riƙe shi daga Sabha har zuwa samun 'yancin kai ranar 24 ga Disamba, 1951, don haka takardun waɗannan shekaru a Faransa ake bin su. Mafi albarka kuwa su ne waɗanda ba su taɓa shiga ofis ba, suna cikin akwatunan gidaje da zawiyoyi. Bashir Ƙasim Yusha'u ya tattara irinsu daga gidajen Gadamus ya buga, cikinsu har da wasiƙun fatake da ke zaune a Kano. Iyalan unguwannin Dandalin Turawa da Alfindiki na Kano da suka san kakanninsu daga hamada suka zo suna da abin dubawa a nan.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Ba duk Bahaushen da ya isa Murzuk ko Gat a ƙarni na 19 ne ya je da ƙafarsa ba. Da yawa an kora su ne cikin ayarin bayi, kuma fataucin ya ci gaba a ɓoye ko bayan da Daular Usmaniyya ta haramta shi a 1857. Baiwar da aka sa a ɗaka ba ta da takardar aure, tun da ba aure aka ɗaura ba. Sunanta, in an yi sa'a, yana fitowa ne a takardar 'yantawa ko ta rabon gado, babu sunan uba, babu na gari. Zuriyarta na nan a Fazzan har gobe, kuma suna da haƙƙin sanin ko ita wace ce.

Bayan 'yancin kai takarda ta koma abin da ya fi tarihi nauyi. An yi ƙidaya a 1954. Doka ta 36 ta 1968 ta tsara rajistar jama'a, Doka ta 10 ta 1984 ta tsara aure da saki, ta 15 ta wannan shekarar kuma ta ce ɗan ƙasa ba zai auri baƙo ba sai da izinin hukuma. A 2013 aka shigo da lambar ɗan ƙasa, wadda aka ɗora a kan littafin iyali, albashi da fasfo suka rataya a kanta. Mutanen kudu sun ɗanɗana kuɗarsu. Bayan Kotun Duniya ta ba Chadi zirin Awzu a 1994, Tubawan da Libiya ta yi wa rajista a can sun wayi gari takardunsu ba su da amfani, kuma har yau akwai Tubawa da Buzaye a Sabha da aka haifa a nan amma matsayinsu bai tabbata ba. In haka ta sami waɗanda kakanninsu ke kwance a wannan ƙasa, yaya ɗan baƙon da auren iyayensa bai shiga ko wane littafi ba?

Mai bincike ya kula da tarko biyu. Na farko suna: magatakarda Balarabe ba ya rubuta Tanko ko Talatu, sunan yanka yake so da na uba da na kaka, wani lokaci ya liƙa al-Hausawi ko as-Sudani. A tambayi tsofaffi sunan yanka tun suna raye. Na biyu kwanan wata: a zamanin Gaddafi an koma ƙidayar shekara daga wafatin Annabi (SAW), aka kuma sauya sunayen watanni, Yuli ya zama Nasir, Agusta ya zama Hanibal, Satumba ya zama Fatih. Wanda ya ɗauki shekarar a matsayin ta Hijira zai kauce da shekaru.

Kirana ga limamanmu da shugabannin Hausawa da ke Sabha shi ne kowanne ya ajiye littafi. Duk auren da ya ɗaura ya rubuta sunayen ma'aurata da na iyayensu, garinsu na asali, waliyyi, shaidu, sadaki da rana, ya ba kowane ɓangare kwafi. Mutanen Nijar su nemi ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Sabha, na Najeriya su nemi ofishin jakadanci a Tarabulus, wanda ya koma gida kuma ya kai maganar gaban alƙali ko ma'aikatar magajin gari tun shaidunsa suna da rai.