Kafin ka yi wa filash ɗinka fomat: tarihin bairos ɗin shotkat, daga Lahore har Ƙaura

Yau ba darasin waya na zo da shi ba, tarihi zan ba ka. In dai kana da kwamfuta a Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, na san ko abin nan ya taɓa samun ka ko ya sami na kusa da kai: ka kai filash shagon firintin, ka dawo gida ka soka, sai ka tarar duk foldodinka sun koma shotkat, kowace da 'yar kibiya a gindinta. Daga nan sai wani ya ce maka "ai bairos ya cinye, ka yi fomat kawai." Wannan shawarar ta fi bairos ɗin kansa yi wa mutane ɓarna, kuma in ka san inda cutar ta samo asali za ka gane dalili.

Mu faro daga 1986. A birnin Lahore na Pakistan akwai wasu 'yan uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, masu shagon kwamfuta. Su ne suka rubuta Brain, wanda ake lissafawa a matsayin bairos na farko da ya kama kwamfutoci irin namu na PC. Lokacin talaka bai san intanet ba. A faifan fulofi yake ɓuya, wani ya ara, ya sa a tasa kwamfutar, ta kamu, duk faifan da aka ƙara sa mata shi ma ya ɗauka. Da haka, hannu zuwa hannu, ya tsallaka har Amurka da Ingila. Abin dariya, sun rubuta sunayensu da adireshin shagonsu da lambar wayarsu a cikin bairos ɗin, wai wanda ya kamu ya neme su. A 2011 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan ƙasar Finland, Mikko Hyppönen, ya bi adireshin har Lahore, ya kuwa same su a nan.

Ka riƙe wannan: cutar ta fara ne da abin da ake cirewa daga wata kwamfuta a soka a wata. Tambayi manyan da suka yi aikin taifin a kusa da Poly, wadda aka kafa tun 1983, su ba ka labarin fulofi. Ƙaramin nan da suka fi amfani da shi 1.44MB kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayarka ta yanzu ba zai shiga ba.

Filash ya shigo kasuwa a shekarar 2000, na farko-farko 8MB ne. Kafin nan, tun Windows 95, kamfanin Microsoft ya saka wani tsari mai suna AutoRun don sauƙaƙa wa mutane: ka sa faifan CD, Windows ta karanta wani ɗan fayil mai suna autorun.inf, ta buɗe manhajar da kanta. Da filash ya yawaita sai masu rubuta bairos suka ga banza ta faɗi. Su ajiye nasu autorun.inf a filash, kai kuma kana danna shi sau biyu don ka buɗe, shi ke nan ka kunna musu. A 2008 abin ya kai intaha. Wani bairos ya shiga kwamfutocin sojojin Amurka ta hanyar filash guda da aka soka a wani sansaninsu na Gabas ta Tsakiya, har ta kai suka hana amfani da filash baki ɗaya na wani lokaci. A ƙarshen shekarar Conficker ya ɓulla, ya kama miliyoyin kwamfutoci, kuma filash na cikin hanyoyin da ya bi. Sojan Amurka ma bai tsira ba, balle mai shagon fotokwafi da ke karɓar filash ɗin kowa daga safe har magariba.

Microsoft sun toshe wannan ƙofa. Windows 7 da ta fito a Oktoban 2009 ta daina bin umarnin autorun.inf daga filash, sannan a Fabrairun 2011 suka tura gyaran ga masu XP da Vista. To a nan ne labarin shotkat ya fara. Tunda kwamfuta ta daina kunna bairos da kanta, sai a nemi dabarar da mai ita zai kunna da hannunsa.

Akwai wanda ya yi amfani da shotkat ta hanya mafi muni, wato Stuxnet, da wani ƙaramin kamfani a ƙasar Belarus ya gano a Yunin 2010. An ƙera shi ne don lalata injinan tace sinadarin yuraniyom na Iran a Natanz, wurin da ba a jona shi da intanet ba, shi ya sa aka bi ta filash. Shi ko dannawa ba sai ka yi ba, buɗe filash ɗin kawai ya isa. Microsoft sun gyara wannan ramin a Agustan shekarar. Namu na gida ba shi da wannan ƙarfin, shi sai ka danna. Dangin Jenxcus da Houdini da suka bazu daga wajen 2013, da Gamarue, su ne irin da suka fi yawo a filash da memori. A Yunin 2014 Microsoft har kotu suka je a Amurka kan Jenxcus da wani ɗan uwansa Bladabindi, a ƙarshen 2017 kuma jami'an tsaro na ƙasashe da dama suka rushe cibiyar da ke juya Gamarue. Amma rushe cibiya ba ya goge abin da ke kwance cikin tsohuwar kwamfutar da ba ta taɓa ganin sabuntawa ba. Tana nan tana rabawa har gobe.

Ga yadda yake aiki, kuma nan nake so ka natsu. Bairos ɗin ba ya goge fayilolinka. Ba shi da riba a gogewa. Abin da yake so shi ne ka ci gaba da yawo da filash ɗin kana kai shi sabbin kwamfutoci. Don haka sai ya sa wa foldodinka na gaskiya alamar ɓoyewa, irin wadda Windows ke sa wa fayilolinta na ciki don kada a taɓa, sannan ya ƙirƙiri shotkat mai suna iri ɗaya da kowace folda. Kana danna shotkat ɗin abu biyu ke faruwa: bairos ya shige kwamfutarka, sannan foldar ta buɗe kamar ba komai. Shi ya sa wasu ke shekara da shi ba su sani ba. Sai ranar da antibairos ya share shotkat ɗin, ko ya lalace ya ƙi buɗewa, sai ka ga filash fayau, ka ɗora hannu a ka.

Ban san girman matsalar nan a garinmu ba sai 2021. Ranar 3 ga Satumba hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, mu kuwa na sauran ƙananan hukumomi muka ci gaba da jira har ƙarshen Nuwamba da aka sanar da ɗage dokar. Ba kira, ba WhatsApp, ba imel. Duk takardar da a da za ka tura cikin daƙiƙa, ta koma sai an loda a filash an ɗauka da ƙafa, ko a ba direban Gusau. Fina-finai da karatu da waƙoƙi sai wurin masu turawa, memori ɗari ta ratsa kwamfuta ɗaya a yini. Kuma babu antibairos ɗin da ke samun sabuntawa. Wato mun koma zamanin Brain sak, illa dai filash ya maye gurbin fulofi. A shagona gyaran waya ya ja baya, wa zai kashe kuɗi kan wayar da ba ta kira? Amma masu kuka da memori da filash kullum sai sun zo.

Biyu ba na mantawa da su. Wata ɗaliba ta zo sayen sabon filash, idonta jawur. Na ce, "Malama, lafiya?" Ta ce, "Injiniya, furojet ɗina ne, babi huɗu, na kai firintin ya koma shotkat. Mai shagon ya ce sai dai fomat, ni kuma na kasa." Laftof ɗin da ta yi taifin a kai na aro ne, mai shi ya tafi da abinsa. Na karɓi filash ɗin, ban ma kusanci kwamfuta ba. Na jona shi da wayata ta Android da 'yar igiyar OTG, na buɗe manhajar fayil, ga foldarta nan zaune, babu abin da ya taɓa ta. Android ba ruwanta da alamar ɓoyewar Windows, kuma shotkat da fayil ɗin bairos ba sa iya tashi a cikinta. Minti biyar ba a yi ba.

Na biyun wani dattijo ne mai kula da lissafin wata Islamiyya, sunayen ɗalibai da kuɗin wata na shekaru. Shi an riga an yi masa fomat, kuma yaron gidansa ya cika filash ɗin da fina-finai. Na gwada iya gwadawa, ban samo komai mai amfani ba. Ya ce, "Ba komai ɗana, haka Allah ya so," ya tafi. Wallahi ranar ban ji daɗi ba, don na san da ya zo kafin fomat ɗin, aikin minti biyar ne shi ma.

To yanzu kai, in ya same ka. Kada ka danna ko shotkat ɗaya. Fara duba nauyin filash ɗin: danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties. In ka ga ya nuna akwai kaya, misali 3GB a cike alhali ba ka ganin komai, to kayanka na nan. Hanya mafi sauƙi ita ce ta waya da na faɗa, ka kwashe abin da kake so ka ajiye. In a kwamfuta za ka yi, duba harafin da aka ba filash ɗin, mu ce F ne. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da zai fito rubuta wannan daidai, da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Ka jira ya gama, in kayan na da yawa yakan ɗan jima. Wannan umarnin ba ya goge komai, alamar ɓoyewa kawai yake cirewa. Koma cikin filash za ka ga foldodinka sun dawo. Wani lokaci za ka ga wata folda marar suna, buɗe ta, irin su Gamarue can suke tattara kayan mutum. Sai ka goge duk shotkat ɗin da duk wani fayil da ba ka sani ba, musamman mai ƙarewa da .vbs ko .js, da autorun.inf in akwai.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne su wanke filash su bar kwamfuta. In ka goge shotkat ka ga sun dawo nan take, to kwamfutarka ce ke ɗauke da cutar, kuma ko sabon filash ka ɓare daga kwali ka soka, zai kamu. Buɗe Task Manager, nemi wscript.exe ko Windows Based Script Host, in yana gudana alhali ba kai ka kunna wani abu ba, tsayar da shi. Duba jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, ka kashe wanda ba ka gane ba, sannan ka sa antibairos ya bincike ta gaba ɗaya. Daga Windows 8 zuwa sama akwai Defender a ciki kyauta, kuma ya isa in yana samun sabuntawa. Na san da yawanmu Smadav muka sani, yana da kyau wajen fito da ɓoyayyun fayilolin filash, amma ni ban yarda a bar shi shi kaɗai ba. Kwamfutar da ba ta hawa intanet kuma, ana iya sauke fayil ɗin sabunta Defender daga shafin Microsoft, sunansa mpam-fe.exe, a kawo shi a kunna. Da mun san wannan sosai a 2021, duk mai zuwa Gusau da sai mu riƙa ba shi saƙo.

Matsalarmu ta daban ita ce tsofaffin Windows. Microsoft sun daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairun 2020, amma leƙa shagunan taifin ka ƙirga nawa ke kansu har yau. Ba na zargin kowa, kwamfutar da ke ɗaukar sabuwar Windows kuɗi ce. Sai dai ka sani duk filash ɗin da ya shiga irin wannan, ka ɗauke shi a matsayin wanda ya kamu har sai ka duba. Ni abin da nake yi, ina da filash guda ƙarami na zuwa firintin kawai, ba na ajiye komai a cikinsa sai kwafin abin da zan buga ranar. Kuma kada ka ce ai wannan tsohon yayi ne. A watan Satumban 2021 ɗin nan da muke cikin duhu, masu bincike a waje suka fara ganin wani sabo mai suna Raspberry Robin, shi ma ta shotkat a filash yake shiga, har manyan kamfanoni ya kama.

Wanda kuma ya riga ya yi fomat, cire filash ɗin yanzu, kada ka sa masa ko waƙa ɗaya. In fomat mai sauri aka yi, wanda aka bar alama a kan Quick Format, jerin sunayen fayiloli kawai ya share, ainihin kayan na nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Manhaja irin Recuva takan dawo da su, amma ka ajiye abin da ta samo a kwamfuta, ba cikin filash ɗin ba. In kuwa an cire alamar an yi cikakken fomat a Windows Vista ko wadda ta biyo bayanta, to wannan sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina, babu manhajar da za ta dawo maka da shi.